Na Uku, Kar Ki Tura

Ku da kuke ta rubuto min a ƙasan labarin nan kuna cewa "Allah sarki, baiwar Allah, kin iya kalaman soyayya," yau zan karɓe yabon nan in mayar wa mai shi. Ban iya ba, ban kuma taɓa iyawa ba. Ni da kuke ji, in namiji ya turo min "Ya kike?" sai in yi minti arba'in ina kallon wayar kamar takardar jarrabawar da ban yi wa karatu ba. Ƙarshe in rubuta "Lafiya." Ranar da nake so in burge sosai sai in ƙara "lau."

Na san wata za ta ce, to ga shi mu kina ta zuba mana ba ko numfashi. Ai ku ba kwa ganin fuskata, kuma ba wanda zai aure ni a cikinku.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, mu uku muke a gidanmu: ni da Mama da Yaya. Babanmu ya rasu tun ina ƙarama. Ni ɗinkin labule nake yi a wani shago, aikina in je gidajen mutane in auna taga, in dawo in yanka, in koma in rataya. Aikin ya dace da ni, don taga ba ta tambayar mutum ya ya kwana. Yaya kuwa sakatariya ce a ofishin wata makaranta. Shekara huɗu ta ba ni, amma a baki ta ba ni arba'in. Ita take rubuta wa shugaban makarantar duk wasiƙunsa, kuma takan ce in ta rubuta wasiƙar ban haƙuri, wanda aka yi wa laifin ne yake zuwa neman gafara. Ita ta sa min suna 'Yar To, saboda komai aka ce min, "to" ce amsata.

Wata biyu da kwana shida ke nan da rasuwarta. Zazzaɓi ne, kwana huɗu. Ranar Litinin tana zaune a bakin gado tana min faɗa don na sa takalminta, ranar Juma'a takalmin ya zama nawa. Har yau ban iya rubuta fiye da haka a kan wannan ba, ku yi haƙuri.

Shi kuma mutumin da yake nemana, Mai Tabarau muke kiransa, don a shagon gwada ido yake aiki. Bara na kai Mama a yi mata gilashin karatu, shi ya duba ta. Dogo ne, ba ya gaggawar magana, kullum akwai ɗan ƙyalle mai laushi a aljihun rigarsa da yake goge tabarau da shi, nasa da na mutane. Ya karɓi lambata wai don ya sanar da ni in gilashin ya iso. Gilashi ya iso, Mama ta sa, har ta zauna a kai ya karye an sake wani, saƙonsa bai daina shigowa ba.

Ranar da ya turo na farkon da ba na gilashi ba, na ruga ɗakinmu na miƙa wa Yaya wayar kamar ta ɗauki wuta.

"Me ya ce?"

"Wai ya wuce ta layinmu bai ga kowa ba."

"Ke me kika ce?"

"To."

Ta cire ɗankwalinta ta jefe ni da shi. "Oh ni! Allah ya haɗa ni da ƙanwa. Mutum ya zagayo layinku da ƙafarsa ki ce masa to? Matsa can, kar ki sake taɓa wayar nan."

Daga ranar muka kafa tsari. Shi ya turo min, ni in tura wa Yaya, ita kuma ko tana ofis ta maido min da amsa kala uku, wani lokaci a rubuce, wani lokaci da murya in tana tafiya. Na ɗaya mai aji. Na biyu mai tausayi. Na uku kuwa kullum da manyan baƙi take fara shi: KAR KI TURA. Wannan don nishaɗinta kawai take yi. Ga na ranar farko, ku gani da idonku.

Na ɗaya: "Layinmu ya gode da ziyara. Amma mutanen layin sai an yi sallama suke fitowa."

Na biyu: "Ayya, da ka faɗa ai da na leƙo ko ta taga ce."

Na uku, KAR KI TURA: "Mai sayar da tabarau bai ga kowa ba? To mu da muka saya a wajenka Allah ya tsare mu da faɗawa rami."

Ni dai na ɗaya nake ɗauka kullum, don in ya zo zance in ya ga na yi shiru ya ɗauka ajin ne. Haka kuwa ya ɗauka, bawan Allah. Ya taɓa ce min, "Ke a waya daban, a fili daban. Kunyarki tana burge ni." Na ce to.

Da Yaya ta rasu ya zo ta'aziyya sau uku, ya zauna a waje cikin maza, bai nemi ganina ba. Bayan nan saƙonsa ya ci gaba, gajeru, na addu'a. Mako biyu ina amsa masa da "Amin, na gode." Sai wata ranar Laraba, ina zaune a gaban keken ɗinki, ya rubuto, "Ko na yi wani laifi ne?"

Wallahi ban san lokacin da yatsana ya tura wa Yaya ba. Sai da na ga alama ɗaya tilo a ƙasan saƙon, wadda take nuna bai isa ba, sannan na tuna wayarta tana kashe a cikin akwatin kayanta a ɗakin Mama. Na tashi na shiga banɗakin shago na kunna famfo don kar a ji ni.

A can, ina zaune a kan bokitin da aka kifa, na fara jan hirarmu sama. Sai ga shi, wata bakwai baya, ya taɓa yin irin tambayar nan. Na ɗaya na tura masa a lokacin. Na biyu yana nan ba wanda ya taɓa shi: "Laifinka ɗaya, ka cika damuwa da ni. Wannan kuma na yafe tun kafin ka yi."

Na kwafa na tura masa. Cikin minti ɗaya ya maido da 'yar fuskar dariya da "Alhamdulillahi, kin dawo."

Ba ni ce na dawo ba. Amma na rantse muku a wannan minti ɗin ji na yi kamar tana tsaye a bayana tana leƙen wayar ta kafaɗata, da ƙamshin man hannunta na lemo. Tun da aka fita da ita ban ji sanyi a raina irin na ranar ba.

Daga nan na zama mai tonon shara. Duk abin da ya turo sai in tura wa lambar Yaya tukuna, in ga alamar nan guda ɗaya, sannan in hau sama in nemo tsohon da ya yi kama. Na biyu-biyun nan guda hamsin da uku na samu. Na ce sun ishe ni shekara. Mako biyar suka yi.

Ba kuma kowane ne yake zama daidai ba. Wata rana na tura masa, "Ya haƙorin? Ka daure ka sha maganin, kar ka yi jarumtar banza." Ya ce, "Haƙorin ai an cire shi wata huɗu ke nan, amma na gode da kika tuna da shi." Wata ranar kuma na ce ya kula da ruwan saman nan kar mura ta kama shi, alhali rana ce ake ƙwallawa har kwalta na laushi. Ya ce in sha Allahu zai kula. Mutumin nan yana da haƙuri, ko kuma ya ɗauka rashin ne ya taɓa min kai, kuma ba zan ce ya yi ƙarya ba.

Da na biyu suka ƙare, na zauna ina kallon na uku. Kowane da KAR KI TURA a goshinsa. Na yi kwana biyu ina riƙe kaina, ya turo "Kin ci abinci?" na rufe ido na aika masa da wannan: "Wannan tambayar ta ɗari da sha biyu ke nan. Ko cokali ba ka taɓa kawowa ba."

Washegari na dawo daga aiki na tarar da Mama a falo da kwali a cinya.

"Yaron nan ne ya aiko," ta ce. "Cokula. Dozin guda."

"To."

"Ke kika ce masa ba mu da cokali?"

"A'a."

Ta dube ni ta saman gilashinta. "Mutanen yanzu. A da turare ake kawowa." Ta ɗaga ɗaya ta juya shi. "Masu kyau ne dai."

Bari in gaya muku yadda muke da Mama a watannin nan, ko da za ku zage ni. Haushinta nake ji. Mama ba ta yi kuka ba. Ranar da abin ya faru ita take ba mutane haƙuri, ita take cewa a kawo wa baƙi ruwa. Kwana uku ba su cika ba ta shigo ɗakinmu ta yaye zanin gadon Yaya ta wanke, ta ninke kayanta ɗaya bayan ɗaya, ta zuba a akwati har da waya da katin shaidar aiki, ta ja akwatin zuwa ɗakinta. Ta bar min gado tsirara da katifa mai zanen furanni da ƙusar da Yaya take rataye jakarta. In na kunna fanka ƙusar nake kallo.

Sannan ga maganar aure. Kullum da safe ina shan shayi a tsaye sai ta fara.

"Yaron nan ya ce iyayensa suna son zuwa."

"To."

"To ɗin nan taki ta mene ce? Ta su zo ce ko ta kar su zo?"

"Mama, ko wata uku ba a yi ba."

"Na iya lissafi. Gidan nan ya gaji da shiru, ni ma na gaji. Ke kuma kina nan kina ramewa kamar tsinke."

Duk abin da na kasa ce mata sai in rubuta wa Yaya. Ba saƙon Mai Tabarau kaɗai nake tura wa lambar nan ba. Ƙarar Mama nake kaiwa, safe da yamma. Ai wayar a kashe take, wa zai gani?

Wani abu kuma da ya ƙara min haushi, Mama ta ɗauki ɗabi'ar aron cajata. Ita da wayarta 'yar ƙarama ce mai maɓallai, bakin cajarsu ma ba ɗaya ba. In na tambaya sai ta ce fitilarta take sawa. Shekaranjiya kuma tana tsintar shinkafa ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Wai in mutum yana so a sa wa waya abin nan, data, ina ake zuwa?" Na ce shagon bakin titi. A raina na ce, lallai, 'yarki ta rasu ke kuma yanzu za ki shiga ƙungiyar mata ta waya. Na rubuta wa Yaya wannan ma.

To, jiya.

Ina gidan wata mata mai falo biyu, a saman tsani, ina rataya labule mai nauyi ruwan zuma, bakina cike da ƙugiyoyi, sai wayata ta yi motsi a aljihu. Shi ne, kuma dogon saƙo. Ya ce ya san lokacin bai yi daɗi ba, ya san Mama ta matsa, amma shi ba zai bari kowa nasa ya taka ƙofarmu ba sai ya ji daga gare ni. Ya ƙare da, "Kina so na, ko kina jin nauyina ne kawai?"

Na hau sama, na hau sama, har na kai ranar farko. Babu. Na uku-ukun ma duk na cinye su. Saura guda ɗaya tak, wanda na daɗe ina tsallakewa, don ba ya turuwa. Yaya ta rubuta shi ne ranar da ya fara cewa yana so na:

"Na uku, KAR KI TURA: Na ji ka. Ni ma haka, har na fi ka. Sai dai ban iya faɗa ba, shi ya sa yayata take rubuta maka duk saƙon da kake samu, ni ina gefe ina cin farce. 'Yar To, wallahi in kika tura wannan ba ruwana. Amma dai gaskiya ce, ko?"

Dabara ta zo min, irin dabarata. Na ce zan kwafa, in goge komai, in bar "Na ji ka. Ni ma haka." Na kwafa, na liƙa a wajen rubutu, na ɗora babban yatsa zan fara gogewa.

"Ke mai labule! Ɓangaren nan ya karkace!"

Na firgita, tsanin ya yi rawa, na cafke sandar labule da hannu ɗaya. Da na dubi wayar, saƙon ya tafi. Gaba ɗayansa. Da KAR KI TURA, da yayata, da cin farce, da 'Yar To. Kafin in lalubo inda ake gogewa alamun biyu sun yi shuɗi, ya riga ya karanta.

Na tofar da ƙugiyoyin a tafin hannuna na ce, "Innalillahi." Matar ta ce ai ba wani abu ba ne, ɗan ja shi hagu kawai zan yi.

Bai amsa ba. Awa ɗaya, awa uku. Ƙarfe huɗu da rabi sai ga layi ɗaya: "Zan zo in na tashi."

Na canza kaya sau huɗu. Na sa doguwar riga ruwan toka, na ga na yi kama da mara lafiya. Na sa atamfa mai ganye, na ga kamar ina murna. Ƙarshe na koma ruwan tokar, na yafa baƙin mayafi, na zura takalmin nan na Yaya mai igiya, wanda ya fi ƙafata da lamba ɗaya. Mama ta wuce ni a tsakar gida da mayafinta da 'yar jakarta a hammata, ta ce za ta bakin titi ta dawo. Ta kalli takalmin, ta fice.

A baranda muka zauna, shi a kujerar roba fara, ni a kan benci. Na kawo masa ruwa bai sha ba. Ya cire tabaraunsa, ya fito da ɗan ƙyallen nan, ya yi ta gogewa.

"Tun yaushe?" ya ce.

"Tun ranar da ka wuce ta layinmu."

"Duka?"

"Ban da su 'amin, na gode.' Waɗannan nawa ne."

"Na haƙorin fa?"

"Tsoho ne. Ragowa ce."

"Ruwan sama?"

"Shi ma."

"Cokulan?"

Na sunkuyar da kai. Sai na ji wani sauti ya fito masa ta hanci, dariya ce yake dannewa. Ta ƙwace masa, ya yi ta har kafaɗunsa na rawa, yana cewa, "Shago uku na shiga ina neman masu kyau." Ni ma na fara, ina share hanci da gefen mayafi. Sai kuma ya tsaya cak. Ya mayar da tabaraun, ya kalli ƙasa.

"Ashe ni ma na yi rashi ban sani ba," ya ce. "Shekara guda tana sa ni dariya kullum. Na zo ta'aziyyarta na zauna a waje kamar baƙo."

Maganar nan ta soke ni. Na ji tausayinsa, na kuma ji kishi, kishin yayata da take kabari, ku ji min rashin kunya. Bakina ya buɗe da kansa, abin da bai saba yi ba.

"To ita kake so ke nan."

Bai yi saurin cewa a'a ba. Da ya yi, da na san ƙarya ce.

"Wadda na gani a shago," ya ce a hankali, "ta yi minti ashirin tana gyara wa mamanta gilashi a hanci, tana tambayarta ko yana matse mata kunne. Ita na karɓi lambarta. Wadda take amsa min kuma daban. Yau na sani, ban gama raba su a kaina ba. Ba zan yi miki ƙarya ba."

"To."

"Abu ɗaya nake roƙo. Ki rubuto min layi ɗaya. Naki. Ko mara daɗi ne, ko cewa za ki yi in daina zuwa. In dai na san daga hannunki ya fito. Kafin nan ba wanda zan turo."

Ya miƙe, ya shanye ruwan a tsaye, ya ce in gaida Mama. A bakin ƙofa suka yi kiciɓis da ita tana dawowa, ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa a gurguje ta shige ɗakinta ta turo ƙofa.

Na koma ɗaki na zauna a kan katifar Yaya. Rana ba ta faɗi ba tukuna, haskenta yana shigowa ta labulen da ni na ɗinka, mai gajarta ta gefe ɗaya, wanda Yaya take cewa shi ne shaidar ƙwarewata. Na buɗe wajen rubuta masa. Na rubuta "Salam." Na goge. Na rubuta "Ina fatan ka isa lafiya." Na goge, don ko kwanar layinmu bai sha ba. Layi ɗaya fa aka ce, jama'a. Mutane suna rubuta littafi.

Sai na koma inda na saba. Na rubuta wa Yaya:

"Ya gano. Duk naki sun ƙare, ba saura ko ɗaya. Ya ce in rubuta da kaina. Mama kuma so take ta aurar da ni ta huta, ita da ko kukanki ba ta yi ba. Yaya, me zan ce?"

Na tura. Alama ɗaya, kamar kullum. Na kifa wayar a cinya.

Sai na ji ƙara ta cikin bango.

Wani ɗan sauti ne kamar ɗigar ruwa a kofi. Duk duniya waya ɗaya na sani mai wannan ƙarar, don ni na sha yi mata mita ta canza shi. Ya sake. Ya sake. Sannan ya ɓarke ba tsayawa, ɗaya kan ɗaya, kamar ruwa na zuba daga indararo. Na juyo da wayata, ina kallo da idona alamun nan ɗai-ɗai na wata biyu suna zama bibbiyu, daga sama har ƙasa. Sannan suka yi shuɗi.

A saman hirar, ƙarƙashin hoton Yaya da take dariya da baki buɗe, aka rubuta: tana rubutu.

Na san ba ita ba ce. Ina da hankalina, na san caja, na san data, na san bakin titi, duk sun haɗu a kaina a lokaci guda. Amma zuciyata ba ta ji wannan bayanin ba. Bayan nan kuma sai kunya ta rufe ni, don na tuna duk abin da na rubuta a kan Mama yana nan a jere, na ƙarshen ma shi ne a gaban idonta.

Rubutun ya tsaya. Ya ci gaba. Ya tsaya. Minti shida na ƙirga a agogon waya. Sannan saƙon ya shigo, kalma biyu, ba babban baƙi ba aya:

"na yi"

Ban san yadda na isa ƙofarta ba, na dai san takalmi ɗaya ya cire a hanya.

Tana zaune a ƙasa, ta miƙe ƙafafu, akwatin a buɗe a gefenta. Ɗankwalin Yaya mai ɗigo-ɗigo yana cinyarta. Cajata tana jikin bango, wayar tana hannunta, ta riƙe ta da hannu biyu, gilashinta ya zamo ƙarshen hanci. Ba ta dube ni ba.

"Kullum in kin fita aiki," ta ce. "In na yi a gabanki wa zai riƙe ki?"

"Mama…"

"Bar shi. Zo ki nuna min." Ta miƙo wayar. "Wata guda ina kunna ta ina kallon hotuna. Hoto ba ya magana. Aka ce min akwai inda murya take zama a ciki, na zaci sai da datar nan take fitowa. Na sa an sa, sai ga surutunki ya cika min kunne. Ina muryar take?"

Na karɓi wayar daga hannunta. Saƙonnin murya na Yaya sun fi ɗari a wayata. Wata biyu ina yawo da muryar 'yarta a aljihu, ina saurara a banɗakin shago, ina ɓoyewa don kar asirin soyayyata ya tonu. Ko sau ɗaya bai zo min a rai ba cewa matar da take bayan bangon nan tana nema.

Na zauna na jingina da kafaɗarta. Na ja hirar sama na danna na farkon da yatsana ya samu.

"'Yar To!" Muryar ta cika ɗakin, da hucinta na mai sauri a hanya, da ƙarar motoci a baya. "Saurara da kyau, kar ki yi min shirme. Na ɗaya…"

Mama ta damƙe hannuna. Ba ta motsa ba har aka gama na ɗaya, aka gama na biyu. Sai Yaya ta fara dariya tun kafin ta faɗa. "Na uku, kar ki tura, na roƙe ki: Malam, in kewar tawa ta dame ka haka, ka sha ruwa ka kwanta, mu ma haka muke yi."

Mama ta yi wata 'yar dariya. "Ja'ira," ta ce. Dariyar ba ta kai ƙarshe ba ta karye, ta kifa fuskarta a ɗankwalin, kukan da ban taɓa ji ba ya fito, mai ƙarfi, har jikina yana girgiza tare da nata.

Mun daɗe a haka. Da ta ɗan lafa, ba ta saki hannuna na dama ba, don haka da hagu na lalubo wayata. Ban yi tunani ba, ban nemi na ɗaya ko na biyu ba. Na rubuta masa, da kurakurai biyu da ban gyara ba:

"Muna jin muryarta ni da Mama. Ban san amsarka ba tukuna. Amma wannan ni ce."

Alamun suka yi shuɗi nan take. Yana rubutu. Ya tsaya. Yana rubutu.

Mama ta share gilashinta da gefen zani, ta mayar, ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Ajiye wannan," ta ce. "Sake sa min."

Na kifa tawa a ƙasa tana motsi, na sake danna mata.